Ranar da Na Kushe Turaren Goggo

Ba zan taɓa mantawa da warin nan ba. Har yau in na wuce inda ake ƙona shara, roba ta kama, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in tuno falon Goggo Luba cike da mata, da ni a tsakiya ina zuba kamar an jona ni da wuta.

Sana'ata haɗa fina-finan biki ce. Ina da ɗan shago a Ƙofar Marke. Masu ɗauka su ɗauko, ni kuma in zauna in yanka, in jera, in sa kiɗa, in gyara hasken fuskar amarya har uwar da ta haife ta ta yi kokwanto. Aikin yana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma a wannan fanni ƙarfin yana wajen abin da muke kira katin girafik, wato allon da ke zana duk hoton da ake gani a fuskar na'ura. Da na gaji da tsohuwar kwamfutata mai nishi, sai na yi ta maza na sayi irin manyan katunan nan, mai nauyi kamar bulo. Na sa shi cikin akwatin kwamfuta mai gefen gilashi da fitilu masu canza launi. (Fitilun ba sa ƙara komai a aiki. Na san haka tun kafin in saya.)

To, katin yana da wani hali da duk 'yan harkar suka sani. Yana shan wuta ba kaɗan ba, amma filogin da ke kai masa wutar ɗan mitsitsi ne, bai wuce kan babban yatsa ba, da ƙananan haƙora a jere a ciki. Sai labari ya fara yawo a intanet cewa filogin yana narkewa a wurin mutane, kullum ka buɗe waya sai ka ga hoton wani ya yi baƙi ƙirin. Daga nan masu kwamfuta suka rabu gida biyu. Wasu suka ce laifin masu ƙirar ne. Wasu suka ce gangancin masu amfani ne, ba sa tura shi har ya shige ya ce ƙas. Ni ina gida na biyu, kuma ba a sahun baya nake ba, ni ke jan sallar.

Limamin ɗaya gidan kuwa Lawali ne, ɗan Goggo Luba ƙanwar babana, wato taubashina. Yana koyar da aikin lantarki a wata makarantar koyon sana'a. Tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, kuma wasan taubasai ya ba mu damar mu ci mutuncin juna a gaban kowa, ba mai cewa don me. Shi yake kirana Injiniya, da wata irin murya da ke nuna ko kusa bai yarda ba. Hujjarsa ita ce, ba a tura wuta mai yawa haka ta 'yar ƙaramar hanya, sannan a ce rayuwar na'ura ta rataya a kan ko mutum ya tura sosai ko bai tura ba. In filogin bai zauna daidai ba, wutar sai ta taru a kan haƙora kaɗan, su yi zafi, robar ta narke, kuma babu abin da zai gargaɗe ka.

"Injiniya," ya kan ce, "abin da sai an yi mai ladabi kahin shi yi aiki, in an kuskure kaɗan shi kama da wuta, wanga ba kayan mutane ba na."

Ni kuma in ce ai ko ƙofar mota in ba ka rufe ta da kyau ba za ta watsar da kai a titi, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙarar mai ƙera mota. Mun yi wannan musu a shagona, mun yi shi a gidan suna, mun yi shi a kan tabarmar zaman makoki har wani dattijo ya harare mu. Akwai wani zauren waya na masu gyaran kwamfuta da muke ciki, a nan ne na taɓa aika saƙon murya mai tsawo, na rufe da cewa duk wanda filoginsa ya ƙone, a duba hannunsa, a bar kamfani ya huta. Na ji daɗin jimlar nan sosai. Na saurare ta da kaina ba sau ɗaya ba.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Goggo Luba, don in ba ku san ta ba ba za ku gane girman ɓarnar ba. A ɗakinta aka yaye ni. Duk hutun makaranta a gidanta na Ƙofar Dundaye nake yi, kuma in na yi laifi a gida can nake gudu, ta ɓoye ni bayan gado ta ce ba ta gan ni ba. Sana'arta haɗa turaren wuta. Ba ta da shago, ba ta da allon talla, hancin mata shi ne tallarta: a ji ƙamshi a jikin wata a gidan biki, a tambaya, a ce na Luba ne. Ita sunanta shi ne jarinta, kuma tana tattalinsa fiye da yadda nake tattalin katina.

Da aka aurar da autarta Hauwa'u, ni na haɗa fim ɗin bikin, kyauta, gudunmawata ke nan. Mijin ɗan wani gidan 'yan kasuwar atamfa ne a Minanata, kuma uwarsa, Hajiya Inno, irin matan nan ne da in suka ce abu ya yi, to ya yi a unguwa duka, in suka yatsina fuska kuma shi ke nan. Bayan biki ta aiko cewa za su zo yi wa Goggo ban gajiya ita da 'yan'uwanta, aka ce to sai a haɗa da kallon fim. Goggo ta daɗe tana shirin wannan rana. Ta yi wani sabon haɗi na itacen sandal da farce da miski da wasu abubuwan da ko Lawali ba ta gaya wa ba, ta rufe a kwalba ta hana kowa taɓawa. Ta gaya mini da bakinta cewa so take sabbin surukan nan su san gidan da suka ɗauko yarinya.

Ranar ta zo, fim bai gama fita daga na'ura ba, don wutar unguwarmu ta yi tafiyarta ba sallama. Gidan Goggo kuwa akwai sola da Lawali ya haɗa. Sai na ce ba komai, zan kai kwamfutar gaba ɗaya in kunna musu kai tsaye daga inda nake aikin. (Gaskiyar magana, ina da hanyar da zan bi in kai fim ɗin a ɗan filashi washegari. So nake a ga fitilun.) Don kada gargadar hanya ta karya katin, na cire shi na naɗe a tawul, na rungume akwatin a bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu, muka ratsa gari cikin ranar Sakkwato da ke gasa ƙeya.

Na isa bayan azahar, na baje kaya a falo kusa da talabijin. Na mayar da katin mazauninsa, na ɗaure shi da kusa. Na ɗauko filogin nan na ɗora a bakinsa, na fara turawa ke nan sai aka yi sallama. Hajiya Inno ce da tawagarta.

Ku gaya mini, wane ɗan mutunci ne zai ci gaba da cusa hannu cikin na'ura ga surukar ƙanwarsa tsaye a ƙofa? Na saki filogi na durƙusa. Kuma kun san gaisuwarmu ba a yi mata gaggawa. Aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi zafi, aka tambayi iyali, aka koma kan gajiya. Na gama da Hajiya na matsa gaban yayarta, wata tsohuwa mai carbi, ita kuma sai da ta binciko ko ni ɗan wane ne, ta tuno kakata, ta yi mata addu'a. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya a durƙushe. Ko da na dawo wajen na'ura, na ga filogi a maƙale a wurinsa, zuciyata ta ce an gama. Na lanƙwasa wayar don gilashin ya rufu, na danna shi da gwiwa, na kunna. Fitilu suka kama, wata daga cikin baƙin ta ce tubarkalla, kaina ya ƙara girma.

Fim ya fara. Ni ina zaune a ƙasa gefen akwatin, Lawali yana tsaye a bakin ƙofa, mata sun cika kujeru da darduma. Goggo ta shigo da kasko a hannu, ta ajiye a tsakiya, ta buɗe kwalbar nan ta barbaɗa a kan garwashi. Jama'a, ƙamshin ya yi. Na ga Hajiya Inno ta lumshe ido, ta ɗan buɗe mayafinta don hayaƙin ya shiga. Goggo ta koma gefe ta zauna kamar ba ta gani ba, amma ni da na san ta na ga daɗin a fuskarta.

Ana cikin kallon kamu, wurin da na cika fim ɗin da furanni masu faɗowa da taurari masu walƙiya (wurin da katin ya fi shan wuta ke nan), sai wani abu ya fara shiga ƙarƙashin ƙamshin. Da farko kaɗan. Can sai ya fito fili, wari mai ɗaci mai kama maƙogwaro. Ni na fi kowa kusa da inda yake fitowa, don haka ni na fara ji. Na dubi kasko, hayaƙi na tashi daga cikinsa. Na dubi Lawali. Sai shaiɗanin taubasantaka ya raɗa mini cewa ga dama ta samu.

"Lawali, gaya min gaskiya," na ce, da muryar da na so ta kai bakin ƙofa, ta kuwa kai har tsakar gida, "kai kat taya Goggo haɗin turaren ga? Ni dai warin tsohon silifas ni ka ji."

Na jira dariya. Ba wanda ya yi. Ni a tunanina Lawali na jefa, ban lura da wadda dutsen ya sauka a kanta ba. Matan da ke ta daurewa saboda kunya, maganata ta ba su izini, wannan ta yi tari, waccan ta ja gefen mayafi ta rufe hanci. Goggo ta tashi, ta ɗauki kaskon ta fita. Na ji ta tana zubar da garwashin, ta ɗebo sabo, ta dawo ta sake barbaɗawa. Wari kuwa sai abin da ya ƙaru.

Wata daga cikin baƙin ta ce, cikin tausayawa, ƙila an yi mata algus a kayan haɗi, yanzu kasuwa ba amana. Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni sai na gyara zama na karɓi zancen, wai ina taimakon Goggo. Na yi bayanin cewa irin wannan matsala daga tushe take, daga wajen haɗi, ba daga wanda ya barbaɗa ba, don in abu ya fito da aibi daga hannun mai yinsa babu yadda mai amfani zai yi. Ni ɗin nan fa. Ni da na shekara ina rantsuwa cewa mai ƙira ba ya laifi. Na hango Lawali ya buɗe baki yana kallona, na ɗauka burge shi na yi.

Hajiya Inno kuwa ta sauke mayafinta ta rufe jikinta, ta kawar da kai daga kaskon. Goggo ta ga wannan. Ni ma na ga ta gani.

Sai hoton ya tsaya cak, a kan fuskar Hauwa'u baki buɗe. Sai talabijin ta yi baƙi. Kowa ya juyo wajena, ni kuma na juya wajen akwatin. Ta cikin gilashin nan da nake alfahari da shi, wani siririn hayaƙi yana murɗawa a hankali, fitilu suna haska shi, ya yi kore, ya koma shuɗi, ya koma ja.

Tsohuwar mai carbi ce ta fara magana. Ta nuna da carbin ta ce, "Ku bar kaskon Hajiya Luba shi huta. Ga wani kasko can yaron ga ya zo da shi, har da hitila."

Lawali ya yi tsalle ya zare wayar daga bango. Na buɗe gilashin, warin ya bugi fuskata, babu sauran tambaya. Da akwatin ya ɗan huce, Lawali ya jawo filogin da ƙyar. Gefe ɗaya ya narke ya yi baƙi, ɗaya gefen kuwa fes, kuma ga zane a jikinsa ƙarara da ke nuna iya inda ya shiga da inda ya tsaya. Bai taɓa cewa ƙas ba. Lawali ya ɗaga shi sama yana juyawa a haske, a natse, kamar mai duba zinariya.

A wannan lokaci na gane irin ramin da na faɗa. In na ce ra'ayina gaskiya ne, to ni ne sakaran da nake zagi tun bara. In na ce ba ni da laifi, to Lawali ya ci musu. Na duba hanyoyin biyu, na zaɓi wadda na ga ta fi sauƙi.

"Wanga," na ce a hankali, "laihin kamfani na."

"A'a, Injiniya," in ji Lawali. "Ni yau na tuba, na bi ka. A duba hannu."

Bai tsaya nan ba. Ya zaro wayarsa, ashe ya adana saƙon nan nawa, ya kunna shi a gaban surukai. Muryata ta cika falon, cike da isa, tana bayanin gangancin mutane. Matan ba su san mene ne katin girafik ba, amma sun gane komai. Dariyar da na nema ɗazu ta zo, har da ƙari. Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da a ranar an yi rijiya a falon Goggo.

Goggo kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sa aka fitar da akwatin tsakar gida, aka buɗe tagogi, aka kunna fanka, aka kawo wa baƙi fura mai sanyi har iska ta sauya. Sannan ta shigo da kasko da sabon garwashi, ta barbaɗa abin da ya rage a kwalbar, ta miƙo mini.

"Tashi," ta ce. "Tunda hancinka ya hi na kowa, kai za ka zagaya da shi."

Haka na tashi, ƙato da gemu, na riƙe kasko da hannu biyu, na bi matan nan a durƙushe kamar yadda na bi su da gaisuwa, kowace ta buɗe mayafi ta turara. Wata ta ce in matso, wata ta ce in ja baya kada in ƙona ta ita ma. Da na iso gaban Hajiya Inno na miƙa kaskon a hankali, don a nan komai yake. Ta daɗe tana shaƙa. Sannan ta dubi Goggo ta ce, "Hajiya, wanga hannu naki Allah shi ƙara mai albarka. In kin sake haɗi, nawa na hwarko." Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Bayan baƙi sun tafi na sami Goggo a tsakar gida tana wanke kofuna. Na durƙusa na fara jero ban haƙuri, ina bayanin cewa Lawali nake tsokana. Ta bar ni na gama. Ba ta ɗago ba ta ce, "Da wani yaf faɗa, ko a jikina. Kai da kag girma cikin hayaƙin ga, na ɗauka ko cikin barci ka san ƙamshin hannuna." Wannan ta fi dariyar matan ciwo nesa ba kusa ba. Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta watsa mini ruwan wanke-wanke a ƙafa, ta ce in tashi in ci abinci kafin ya huce.

Katin bai mutu ba. Lawali ya canza masa bakin da ya narke, ya kuma tura sabon filogin da hannunsa, ya sa na kawo kunne na ji ƙas ɗin, ya tambaye ni ko in ya maimaita. An kalli fim daga baya a filashi, ba fitila ba hayaƙi. Haɗin Goggo kuma ya sami suna ba da saninta ba. Har yau mata suna sallama a Ƙofar Dundaye suna tambayar ko akwai turaren filogi.

Musu kuwa bai ƙare ba, ya dai canza fasali. Yanzu ni ke cewa wanda ya ƙera filogin nan bai taɓa gaida surukai a Sakkwato ba, don da ya taɓa, da ya san ana sakin abu a rabi. Lawali kuma ya riƙe tsohon ra'ayina gam, ba don ya yarda da shi ba, sai don ya fi yi mini ciwo. In muka natsu, mu biyun mun san hannuna ya yi sake, kuma abin da sake kaɗan ke mayarwa kasko bai kamata a sayar wa ɗan Adam ba. Amma ba ma natsuwa a gaban juna.

Abin da na koya bai da yawa. In na ji wari a cikin taro, gefena nake fara shinshinawa kafin in buɗe baki. Kuma da na je yi wa Goggo sallama ran nan, ta cusa mini 'yar kwalba a aljihu, ta ce in ajiye a shago kusa da na'urar, in riƙa buɗewa lokaci-lokaci don in san bambanci. Tana nan a kan teburina. Ina buɗewa.